Na ga wata tsohuwar Jimny ina so in saya saboda ruwan Agiliti, masu sani ku ba ni shawara

Baban Ummi, Mile 12

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja ta, don in ba ku san inda nake kwana ba, ba za ku gane abin da ya haɗa ɗan kasuwar albasa da mota mai ogzilari, wato mai jan taya huɗu, a tsakiyar Legas ba.

Shekarata goma sha ɗaya a Mile 12, albasa nake saukewa daga Aliero. Gidan da nake haya yana Agiliti, bayan kasuwa. Wanda ya san wurin ya san ruwa biyu muke sha a shekara. Na farko na sama ne, daga Afrilu har Yuli, wannan kowa a Legas yana shan nasa. Na biyun shi ne mugu. Wajen Satumba da Oktoba, in aka saki ruwan dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta, kogin Ogun ya cika ya batse, sai ka wayi gari rana tarwai, ko hadari babu, amma ruwa na shigowa unguwa ta kwata sannu a hankali kamar baƙon da bai iya sallama ba. Mu da mutanen Isheri da Kara da Ajegunlen hanyar Ikorodu tare muke wannan jarrabawa. Layinmu babu kwalta. Daga ƙofar gidana zuwa inda kwalta ta fara bai fi tafiyar minti biyar a ƙasa ba, amma ɗan tsakanin nan shi ya cinye mini mota.

Golf 3 gare ni, shekara shida muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba. Bara a watan Oktoba na ɗauko yara daga makaranta a Ketu, na iso bakin layi na ga ruwan bai kai gwiwa ba, na ce bismillah na shiga. Ina tsakiya sai ga wata tifa ta taho daga gaba, direban bai ko rage gudu ba, ta turo ruwa ya hau kan bonet. Mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Na murza makulli, shiru. Na sake murzawa, sai na ji ƙwas daga cikin inji. Haka na saɓa Ummi a wuya, yayanta ya riƙe takalmansu da jakunkuna a ka, muka ƙarasa gida a ƙafa. Washegari bakanike ya buɗe ya ce kwanrod ya lanƙwashe, bulok ya tsage. Masu sayen kayan gyara na sallama wa ita, kuɗin ma ba na son tuna shi.

Tun daga nan keke da ƙafa nake yi, ina ɗan tarawa. Yanzu naira miliyan huɗu da rabi ke hannuna, kuma damina ta ƙarato.

Makon jiya wani kwastomana mai gidan abinci ya kai ni wurin kawunsa a Ogudu, wani dattijo Bayarabe da ya yi ritaya. Yana da Suzuki Jimny ta 2003, fara, ƙofa uku, giyar hannu, inji 1.3. Ya ce gonarsa ta Epe yake zuwa da ita, yanzu gwiwa ta hana shi taka kuloci. Bayan sandar giya akwai wata 'yar ƙaramar sanda an rubuta 2H, 4H, 4L, wato jan taya biyu, jan taya huɗu, da jan taya huɗu a ƙaramar giya. Miliyan biyar da dubu ɗari biyu ya sa mata. Ya ba ni makulli na zaga unguwarsu sau biyu. Gaskiya jama'a zuciyata ta kamu. Kana zaune can sama kana ganin ƙarshen bonet ɗinka, ka juya ta a lungun da keke ne kawai ke juyawa. Abin da na lura shi ne tana tsalle, ko ɗan tudun rage gudu ka taka sai ka ji shi har tsakiyar kai.

To ga abin da nake son sani. Wannan motar za ta fitar da ni daga ruwan Agiliti, ko son zuciya ne ke ja na? Kayanta na samuwa a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota? Me zan duba kafin in ba da kuɗi, tunda ni iyakar sanina a mota shi ne in duba baƙin mai da ruwan lagireto? Sannan in Sallah ta zo, za ta kai ni Aliero da iyali? Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku. Uwargidan ba ta ga motar ba tukuna, ban ma gaya mata ƙofa uku ce ba.

Na Bakin Gada

Baban Ummi, da miliyan huɗu da rabi ai kwalekwale za ka saya a Makoko har da ɗan inji, canjin ka kama haya a Ketu kan tudu. Wasa nake, Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma maganar ƙofa ukun nan ka gaya wa Maman Ummi tun da wuri, kada a ji ku a bakin layi.

Oga Bakanike, Agege

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya mayar da alheri. Amma bari in gaya maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci: ba tifar ce ta kashe Golf ɗinka ba, kik ɗin da ka sake yi ne. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda, fistin ya taso ya tarar da shi, dole ƙarfe ya lanƙwashe. Da ka bari an turo ta waje, an kwance fulogai, an murza inji ruwan ya feso ta ramukan, an juye baƙin mai, da wataƙila yau tana ƙofar gidanka. Na fara da wannan ne don Jimny ma haka za ta yi maka in ta sha ruwa. Ogzilari ba ya hana inji shan ruwa, aikinsa kawai ya sa taya huɗu su ja maimakon biyu. A cikin ruwa abin da ke cetonka tsayin mota ne da inda bakin bututun shaƙar iska yake. Jimny ta tashi daga ƙasa wajen santimita 19, ta fi Golf nesa, amma ba jirgi ba ce. In ruwa ya haura tsakiyar taya ka tsaya ka yi shawara da zuciyarka. In za ka shiga, ka bari babbar mota ta wuce ruwan ya lafa, ka sa giya ɗaya, ka tafi a hankali ba tsayawa, in ka fita ka riƙa ɗan taɓa birki har ya bushe.

Inda za ka ga amfaninta shi ne bayan ruwa ya janye ya bar taɓo. Nauyinta kaɗan ya ɗara tan ɗaya, saboda haka inda manyan jif ke nutsewa har ciki, ita sai ta bi ta kai ta wuce kamar akuya. Shasinta irin na babbar mota ne, ƙarfe biyu dogaye da bodi a ɗaure a kai, aksul na gaba da na baya duk sanda guda ne. Shi ya sa take da ƙarfi, shi ya sa kuma take tsallen da ka ji. Wannan tsallen ba lalacewa ba ce, halittarta ce, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu abin dubawa. Kada ka yarda da fenti, ku kai ta inda ake da rami ka shiga ƙarƙashi da tocila. Iskar Legas gishiri gare ta, motar kuma ta haura shekara ashirin. Ka sa sukundireba ka riƙa dannawa a jikin shasi, da ƙasan ƙofofi, da bayan fitilun gaba inda bodi ya zauna. Ka ɗaga kafet ɗin but ka duba ƙasan, nan ne suka fi ruɓewa. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma in sukundireba ya shige, a nan ciniki ya canza.

Sai gaba. Ku ɗaga ta da jak, ka kama tayar gaba sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji tana ƙwal-ƙwal, boris ɗin kinfin, wato inda tayar gaba ke karkata in ka murza sitiyari, ya tafi. Wannan ita ce cutar gidansu, kuma ruwa da laka ke kawo ta. Alamarta a kan hanya, kana gudu wajen 70 zuwa 80 ka taka ɗan rami, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunka kamar mai zazzaɓi, ba zai daina ba sai ka rage gudu sosai. Gyaran ba tsada can ba, amma wanda bai sani ba sai ya yi ta biyan kuɗin alaimen da balansin a banza. Kada ka gwada ta a cikin unguwa kawai, ka hau babban titi da ita.

Ogzilarin kuma, fitilar da ke kamawa a dashbod ba shaida ba ce. Tayoyin gaba na wannan ƙirar iskar inji ce ke kulle su, ta wasu siraran tiyo na roba, in sun tsufa suka tsage sai ka sa 4H, ka ga kamar komai daidai, amma baya kaɗai ke ja. Ku ɗaga ta duka huɗu a ga suna juyawa, ko ku nemi yashi a gwada. Ka leƙa kuma ka tabbatar farfelar gaba, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, tana nan, don na sha ganin motar da aka cire mata ita aka jefar, mai ita yana ta alfahari da ogzilarin da babu. Ka kwance noti ɗin aksul na baya ka tsoma yatsa. In man ya fito kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Aksul in ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, zuƙo ruwan yake ta ɗan ramin numfashinsa. Kai da ke Agiliti, duk ƙarshen damina sai ka duba wannan man, gaba da baya.

In ka saya, ga abin da ke kashe su a hannun mutanenmu: sa 4H a kan busasshiyar kwalta. Ita ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka sa ogzilari an ɗaure su wuri ɗaya ke nan. A laka taya na ɗan zamewa ta huce, a kwalta kuwa ba inda za ta zame, in ka sha kwana sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Kana hawa kwalta ka mayar 2H. 4L kuma sai ka tsaya cak ka taka kuloci kafin ka sa.

Kaya, filta da fulogi da birki da boris ba matsala. Ta 2003 mai rufin ƙarfe galibi injin M13A gare ta, mai sarƙa ne ba bel ba, kuma akwai irinsa a Swift da Ignis, saboda haka ana samu a Ladipo. Abin da zai wahalar da kai gilashi ne, da fitila, da ƙofa, da ƙaramin giyabos na ogzilari. Waɗannan sai ka ba da sautu ka jira, mai shi kuma ya san ba ka da wani wurin zuwa. In dillalai suka ce ga Pajero iO a madadinta, ka duba injin, in an rubuta GDI ni ba na ba mutum shawararta da irin man da muke sha.

Baban Ummi, Mile 12

Oga, Allah ya saka da alheri. Maganar kik ta yi mini zafi amma gaskiya ce, bakaniken da ya buɗe ta ma haka ya ce, na ɗauka neman kare kansa yake. In ba za ka damu ba, ranar Asabar in zo in ɗauke ka a Ojota mu je tare, zan biya kuɗin wuninka. Ni in na shiga ramin nan ba abin da zan gane.

Maman Sadik, Badore

Sannunku. Baban Ummi, Oga ya gama maganar ƙarfe, ni bari in yi maganar mutanen da za su zauna a ciki, tunda na ga ka bi ta kanta da sauri. Jimny kujera huɗu gare ta, bel huɗu. Ku biyar ne. Wane yaron za a bari a gida? Sannan ka hango Maman Ummi da goyo da hijabi, ana ruwa, sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya ta cusa yara baya ɗaya bayan ɗaya, danfo na yi muku hon. But ɗin kuwa na taɓa gani wurin maƙwabcinmu, in kujerun baya na tsaye ko buhun albasarka ɗaya ba zai shiga ba, jakar makaranta biyu da kular abinci sun cika shi.

Ni RAV4 ta 1999 nake ja, mai ƙofa biyar, otomatik, shekara bakwai ke nan. Atamfa da leshi nake sarowa a Balogun, layinmu a Badore yashi ne zalla, in an yi ruwa kuma ya koma tafki. Ba ta da 4L, ba ta da wata sandar da za ka ja, taya huɗun kullum suna aiki da kansu, kuma ban taɓa kafewa ba. Injinta 3S ne, irin na tsofaffin Camry da Carina, ba bakaniken da bai san shi ba daga nan har Illela. Ranar da gilashin gefe ya fashe, kafin la'asar an kawo wani an sa. Abin da za ka kula, ba kowace RAV4 ce mai jan taya huɗu ba, cikin waɗanda aka kawo daga Amurka akwai masu jan gaba kaɗai, jikinsu iri ɗaya. Ni ma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wani bakanike ya ce in kawo ya cire mini farfelar baya wai za ta rage shan mai. Na ce masa in na cire ta, me ya rage na abin da na saya? Mai kam tana sha, ba zan ɓoye ba, musamman a gosulon Ajah da esi a kunne. A nan Jimny za ta fi ta sauƙi.

Maganar ruwa kuwa, ranar ruwan nan na farkon Yulin 2024 da ya shanye Iyana-Oworo, ni a hanyar Lekki ya same ni. Gidan mai na samu mai tudu na faka, na sayi gasasshiyar masara, na zauna awa huɗu ina kallon manyan motocin da suka ninka tawa kuɗi sau goma suna shiga suna mutuwa, samari na tura su suna karɓar kuɗi. Da magariba na isa gida lafiya lau.

Tafiyar Aliero da Jimny da yara, ni dai ban ba ka shawara ba. Mota ce gajera, siririya, mai tsayi, tirela in ta wuce ka iskar kaɗai sai ta ture ka gefe. Ka tuna hanyar, Ilorin, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yauri, ga ramuka ga manyan motoci, tankinta kuma lita 40 ne.

Ɗan Apapa

Salam. Ni aikin fito da motoci nake a tashar jirgin ruwa ta Tin Can, bari in taɓa ɓangaren takardu. Da farko ka gode wa Allah dattijon bai ce maka tokumbo ce ba, wato gwanjon da aka shigo da ita daga waje. Duk wanda ya nuna maka motar 2003 ya ce yanzu aka sauke ta daga jirgi, ka riƙe aljihunka. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, a da 15 ne, kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Ko dai ta daji aka biyo da ita daga Kwatano, ko kuma 'yar gida ce aka cire lamba aka wanke inji aka fesa turare. Wadda aka yi amfani da ita a nan, mai ita na tsaye a gabanka, ta fi mini kwanciyar hankali.

Ka nemi takardar duti ta asali, ka gwada lambar shasin da ke jikinta da wadda aka buga a ƙarfen motar, harafi bayan harafi, ba wadda ke kan lasin kawai ba. A Legas ba lallai a tambaye ka duti ba, amma ranar da ka nufi Arewa za ka san muhimmancinta. Sunan da ke takardar mallaka ya zama na wanda ke karɓar kuɗinka, ka ga katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗin kuma ta banki. Ka yi canjin suna nan da nan, kada ka ce sai takardu sun ƙare. Inshora mafi ƙaranci naira 15,000 ce tun farkon 2023, sai takardar lafiyar mota, wadda a Legas sai an hau na'ura an gwada birki da fitilu.

Abu na biyu, sitiyari. Jimny da yawa daga Japan da Ingila suke fitowa, can kuwa sitiyarin dama suke. Mu tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama da sitiyarin hagu, shi ya sa ake juya su. Juyin in bai yi kyau ba, ranka ne a hannun mai walda. Ka buɗe bonet ka duba bangon da ke tsakanin inji da direba, in ka ga faci a ɓangaren fasinja an juya ta. Ka kunna waifa, in ta fi share gaban fasinja ta bar maka kusurwa, haka nan. Lambar shasin wadda aka yi don kasuwar waje guda 17 ce, ta cikin gidan Japan gajera ce, wasunsu ma injin 660 ne ba 1.3 ba.

Na ƙarshe, tunda garin ruwa muke: ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. In ka ga zanen laka a can ciki, motar ta taɓa kwana a ruwa, komai ƙamshin da ke tashi a cikinta.

Oga Bakanike, Agege

Asabar ta yi, ƙarfe tara a gindin gadar Ojota. Ka zo da tsohuwar riga don kai ma sai ka shiga ramin. Maganar Hajiya Maman Sadik gaskiya ce, in don iyali ne RAV4 ta fi. Amma mu je mu gani, gani ya kori ji.

Baban Ummi, Mile 12

Jama'a na dawo da labari. Jiya mun je ni da Oga, kuma na shiga ramin, rigar ma ba ta sake moruwa ba.

Takardu lafiya lau. Dutin 2012 ne da sunan Baban, wato dattijon mai motar, lambar shasi guda 17 ta fara da JSA, na karanta Oga na bi da yatsa a jikin ƙarfe. Sitiyari asalin hagu ne, ba faci. Bel na jawo shi har ƙarshe, ƙura ce kawai. Shasi Oga ya bi shi da sukundireba tun daga gaba har baya, ƙarfe na amsawa. Amma da muka ɗaga kafet ɗin but, sai ga rami kamar tafin hannuna, ina hango ƙasa ta ciki. Baban ya dafe ƙirji, na yarda shi ma bai san da shi ba. Tayar gaba ta hagu tana ƙwal-ƙwal ɗin da aka faɗa. Da aka ɗaga ta aka sa 4H, baya na juyawa, tayoyin gaba suna tsaye suna kallonmu. Oga ya bi tiyo da hannu ya ciro wani guntu da ya bushe ya tsage kamar tsohuwar igiyar guga. Wato duk zuwa Epe da Baban ke yi, da taya biyu yake zuwa. Man aksul na baya kuwa kunun gyaɗa sak, saura sukari.

Daga nan muka bi ta Oworonshoki muka hau Third Mainland, Oga na tuƙi, ina gefe, Baban na baya. Muna kaiwa 80 muka taka mahaɗar gada, sai motar ta kama rawa gaba ɗaya, sitiyari na fizge-fizge, madubi na kaɗawa. Ni salati, Baban yana kiran Yesu, Oga kuwa ko a jikinsa, ya ɗaga ƙafa daga totur ya bar ta ta huce da kanta, ya ce to kun ji abin da nake faɗa.

Wannan rawar ita ta yi mini ciniki. Da muka dawo aka kawo ruwan sanyi, Oga ya lissafa gyara a bayan wata ambulan, ni kuma na yi abin da na iya, tunda ciniki dai sana'ata ce. Na fara daga uku da ɗari takwas, Baban ya ce in sha ruwana in tafi. Muka yi ta ja har azahar, aka tsaya a miliyan huɗu da dubu ɗari. Na tura kuɗi, an rubuta takarda, kwastomana da Oga suka sa hannu. Yanzu haka tana garejin Oga a Agege, za a canza boris na ɓangare biyun, da tiyo, da mai gaba ɗaya, mai walda kuma ya toshe but.

Hajiya Maman Sadik, ki yi haƙuri, na karanta maganarki sau uku kuma ban sami inda kika yi kuskure ba. Har RAV4 ɗaya na leƙa a Ketu ranar Alhamis, na tarar ba farfelar baya. Da na nemi wata da na samu, na sani. Amma aikin da nake nema kullum shi ne kai yara biyu makaranta da fita kasuwa da asuba ta cikin taɓon nan, kuma zuciyar ta riga ta zauna. Sallah motar haya za mu hau kamar yadda muka saba, wannan na ɗauka. Daren jiya na nuna wa Maman Ummi hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ƙara girman hoton da yatsa tana neman ƙofar baya, sannan ta ce, "Malam, sauran motar fa, sai yaushe za a kawo?" Har yanzu ba mu gama wannan zancen ba.

Saura taya. Huɗun da ke jiki kala uku ne, ɗaya ma Oga ya nuna mini lambar gefenta, 2315, wai mako na 23 na shekarar 2015 aka yi ta. Ya ce kada in haɗa manya da ƙanana a mota mai ogzilari, duk su zama 205/70 R15. Bayan gyara da canjin suna abin da zai rage mini ba zai sayi sababbi huɗu ba. Wa ya san inda zan sami wannan lambar da sauƙi, Ladipo ko Owode Onirin? Kuma in biyu zan fara saya, gaba zan sa su ko baya?